Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Fara Ɗaukar Kambun Finafinan Afirka

A bisa al'ada, duk bayan shekara biyu, idan hunturu ya fara ja da baya a ƙarshen watan Fabrairu, birnin Wagadugu na ƙasar Burkina Faso yakan cika ya batse da masu shirya finafinai da 'yan wasa da 'yan jarida da 'yan kallo daga kowace kusurwa ta Afirka da ma wajenta. Abin da ke tara su shi ne bikin baje kolin finafinai da aka fi sani da FESPACO, wanda babu kamarsa a wannan nahiya wajen girma da yawan jama'a. Mako guda cur ana wuni ana kallo, ana kwana ana muhawara, a ƙarshe kuma a miƙa wa wanda ya yi zarra wani mutum-mutumi na ingarman doki da jaruma a bisansa riƙe da mashi. Mutumin da ya fara karɓar wannan kambu, a shekarar 1972, maƙwabcinmu ne na kusa, Bazabarme haifaffen Yamai, tsohon soja kuma tsohon ɗan dako, wanda karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Sunansa Umaru Ganda.

Na zaɓi in yi magana a kan wannan bawan Allah ne saboda wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu a Arewacin Nijeriya muna da masana'antar fim da ta wuce shekara 30 tana aiki, tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, muna da masana da suka yi digiri a kanta, amma da wuya ka ji an ambaci Ganda a wani taro ko a wata muƙala tamu. Mun san jaruman Bombai har da sunayen iyayensu, amma ba mu san mutumin da ya fito daga ƙasar da muke haɗa iyaka da jini da aure da ita ba. Dalilin kuwa, a iya fahimtata, shi ne an lulluɓe aikinsa da laƙabin finafinan ƙasashe rainon Faransa, mu kuma da aka raina da Ingilishi da zarar mun ga sunan fim da Faransanci sai mu ɗauka ba da mu ake ba. Alhali kuwa finafinan da suka fito da sunansa Zabarmanci ake yi a cikinsu, kuma Alhazai da malamai da kishiyoyi da 'yan ci-ranin da ke ciki, duk wanda ya tashi a Katsina ko Sakkwato zai rantse ya san su.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, lokacin Nijar tana hannun Faransa. Bayan ya gama firamare, yana ɗan saurayi da bai kai shekara 20 ba, sai ya shiga sojan Faransa, aka kwashe su a farkon shekarun 1950 zuwa yankin da ake kira Indocin, wato inda ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya suke a yau. A can Faransa tana fafatawa ne da mayaƙan Ho Chi Minh masu neman 'yancin ƙasarsu, ta kuma tara 'yan Afirka da Larabawan Magrib cikin rundunarta. Mai karatu ya dubi wannan lamari da kyau: yaron da ƙasarsa take ƙarƙashin mulkin mallaka, an ba shi bindiga ya je ya hana wasu talakawa fita daga ƙarƙashin wannan mulkin. Yaƙin ya ƙare da mummunan kayen da Faransa ta sha a Dien Bien Phu a watan Mayun 1954. Ganda ya dawo gida a tsakiyar shekarun 1950, ba nasara, ba sana'a, ba kuma aikin yi. Sai ya bi hanyar da dubban samarin Nijar suke bi a lokacin, ya tafi ci-rani bakin teku, ya sauka a Abijan ta ƙasar Kwaddebuwa, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa.

A nan ne ƙaddara ta haɗa shi da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, injiniya ne da ya rikiɗe ya koma mai nazarin al'adu da ɗaukar fim, wanda ya san Nijar tun shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Rouch yana bincike ne a kan 'yan ci-ranin Nijar da ke zuwa Gana da Kwaddebuwa, sai ya ɗauki Ganda aikin tattara masa bayanai da ƙididdiga. Daga nan shawara ta zo ta a yi fim a kan rayuwar waɗannan samari a unguwar Treichville, unguwar talakawa da baƙi. Fim ɗin da ya fito a 1958 shi ne Moi, un noir, ma'ana Ni, Baƙar Fata, kuma Ganda ne jaruminsa.

Yadda aka yi wannan fim yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Kyamarar Rouch ƙarama ce, mai cin fim ɗan milimita 16, ba ta ɗaukar sauti. Saboda haka hoto zalla aka ɗauka, ana bin samarin nan wurin neman aiki da wurin cin abinci da masallaci da gidan rawa da bakin teku. Bayan an haɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda gaban allo, aka ba shi makirufo, yana kallon kansa yana magana da ka, babu rubutu babu bita. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne ran fim ɗin: ƙorafin ɗan dako da ke ganin motocin masu kuɗi suna wuce shi, mafarkin zama zakaran damben duniya, takaicin budurwar da wani Bature ma'aikacin jirgin ruwa ya ƙwace saboda shi ke da kuɗi. Samarin duk sun ari sunayen jaruman silima da suke gani, Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar kuma Dorothy Lamour. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don kuwa kowace unguwa a Kano da Kaduna da Jos ta taɓa yin nata mai laƙabin jarumin Indiya ko na kaboyi. A kusa da ƙarshe, Ganda yana tafiya a bakin ruwa da wani yaro, sai ya shiga ba shi labarin yaƙin Indocin, yana faɗuwa ƙasa, yana rarrafe, yana jifa da gurnetin da babu shi a hannunsa. Duk lokacin da na kalli wannan wuri nakan ga cewa ba wasa yake yi ba.

Fim ɗin ya samu lambar yabo ta Louis Delluc a Faransa, matasan masu sharhi irin su Jean-Luc Godard suka yi ta kururuta shi, har ana lissafa shi cikin abubuwan da suka share fage ga sabon salon fim da ya ɓullo a Faransa a ƙarshen shekarun 1950. To amma yabon wa ya ci? Sunan Rouch ne a matsayin mai fim. Wanda ya ba da rayuwarsa da muryarsa da raunin da ya ɗauko daga fagen fama, shi ɗan wasa ne kawai. Ba ina nufin Rouch mugu ba ne, hasali ma ya ƙaunaci Nijar, ya taimaki 'yan ƙasar da dama suka kama wannan sana'a, kuma a can ajali ya same shi a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Sai dai ƙauna daban, mallakar labari daban. Usman Sembene na Senigal, wanda ake kira uban finafinan Afirka, ya taɓa fuskantar Rouch a 1965, ya zarge shi da 'yan'uwansa masu nazarin Afirka da cewa kallon ƙwari suke yi wa mutanenmu. Kuma kada a manta, tun 1934 akwai wata doka da ake kira dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma. Saboda wannan doka ce Paulin Vieyra da abokansa suka ɗauki fim ɗinsu na 1955 a birnin Faris, da yake an hana su yi a gida. Kyamara a wancan zamani tana fuskantar baƙar fata ne, ba ta cika shiga hannunsa ba.

Bayan Nijar ta samu mulkin kai a 1960, Ganda ya koma Yamai, ya raɓu da Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar. A wannan cibiya akwai ƙungiyar masu sha'awar silima, kuma ina so in tsaya a nan kaɗan, domin wannan ƙungiya ita ce jami'ar da Ganda ya yi. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi a biranen rainon Faransa mai sauƙi ne. Ana kafa majigi da dare, a nuna fim, yawanci na Faransanci, amma idan fim ya ƙare ba a watsewa. Sai a kunna fitila, mutum guda ya jagoranci zama, a shiga tambayar juna: me ya sa aka ajiye kyamara a nan ba a can ba, me ya sa aka yanke hoton a daidai wannan wuri, me mai fim ɗin yake son ya ce, kuma ya faɗa ko bai faɗa ba? Malamin makaranta da akawu da ɗalibi da Bature ma'aikacin agaji duk suna zaune wuri guda, kowa yana kare ra'ayinsa. Ta Yamai ta ƙara da koyar da aikin hannu, wato riƙon kyamara da ɗaukar sauti da ba da umarni, Ganda kuma ya zama mataimakin ma'aikacin na'urori. A wannan da'ira ce Mustafa Alasan, wanda ya fara da zane-zane masu motsi, ya yi fim ɗinsa na kaboyin Afirka a 1966, inda wata yarinya mai suna Zalika Sule ta fara fitowa.

Mu ma mun san majigi. Turawan Ingila sun zagaya da motar majigi garuruwanmu suna nuna mana amfanin tsafta da biyan haraji da noman gyaɗa, mun kuma yi gidajen silima irin su Rex da Palace da Plaza a Kano. Abin da ba mu samu ba shi ne wannan zama na bayan kallo. Namu kallon idan an gama kowa ya kama gabansa, sai dai a yi hirar dambe da waƙa a hanya. Ba shakka Faransa ba don Allah ta buɗe cibiyoyin nan ba, so take harshenta da tasirinta su ci gaba da zama bayan an sauke tutarta, kuma a 1963 ta buɗe wani ofishi na musamman a ma'aikatarta ta haɗin gwiwa domin tallafa wa masu fim na tsoffin ƙasashen da ta mallaka. Amma ko da wace niyya aka haƙa rijiya, wanda ya zo da guga zai sha ruwa.

A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Ganda ya zauna ya rubuta labarin da ya fi kowa sani, wato nasa. Wannan shi ne Cabascabo, fim baƙi da fari mai tsawon minti 45, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito jarumi. Labarin wani ɗan mazan jiya ne da ya dawo daga Indocin da 'yan kuɗin sallama a aljihu. Gari ya ɗauka, maroƙa suka yi ta wasa shi, abokai suka yi masa caa, mata suka kewaye shi, shi kuma yana ta rabo yana ba da labarin fagen fama. Da kuɗi suka ƙare sai aka dare aka bar shi. Ya je neman aikin leburanci, waɗanda da suke sara masa suka koma ba shi umarni, girman soja da yake ji da shi ya zame masa kaya. A ƙarshe ya saɓi gatari ya nufi daji, aka bar mai kallo ya yanke wa kansa hukuncin abin da zai je yi.

Mai karatu zai lura cewa yaƙin da Ganda ya kwaikwaya a bakin ruwa a fim ɗin Rouch, shi ne ya dawo ya nuna a nan. Bambancin shi ne yanzu mai ɗaki ne yake nuna inda yake masa yoyo. A fim ɗin farko Bature zai kalla ya ji tausayin baƙin da birni ya cinye. A na biyu kuwa yatsa yana nuna gida ne: ga yadda muke yi wa namu idan ya dawo da abin hannu, ga kuma yadda muke yi masa idan ya ƙare. Duk wanda ya ga yadda 'yan mazan jiyanmu na Bama suka tsufa, ko na yaƙin basasa, ko kuma waɗanda suka dawo daga Laberiya da Saliyo suna bin layin fansho, ba ya bukatar a fassara masa wannan fim. An nuna shi a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma samu takardar yabo a bikin Mosko na wannan shekara. Mutumin da shekara 12 kafin nan yake sauke buhuna a Abijan, ga shi ana tafa masa a manyan zaurukan Turai.

A daidai wannan lokaci wani abu yana tsirowa a maƙwabciyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Volta ta Sama, kafin Thomas Sankara ya sauya mata suna zuwa Burkina Faso a 1984. Wasu 'yan ƙungiyar silima ta Wagadugu, irin waccan ta Yamai, suka dubi halin da ake ciki suka ga abin kunya ne a ce 'yan Afirka sun fara yin finafinai amma jama'ar Afirka ba su ganinsu. Dalili kuwa shi ne gidajen silima da harkar rarraba finafinai a duk yankin suna hannun kamfanonin Faransa guda biyu, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi son su kawo tsofaffin finafinan kaboyi da na Indiya da na Faransa masu araha. Sai suka shirya makon finafinan Afirka a watan Fabrairun 1969, ƙarƙashin shugabancin wata ma'aikaciyar talabijin, Alimata Salembere, kuma Nijar tana cikin 'yan ƙasashen da suka halarta. A 1970 gwamnatin Janar Lamizana ta ƙwace gidajen silimar ƙasar daga hannun kamfanonin nan. A 1972 kuma ta mayar da bikin na hukuma, aka shigo da gasa, aka sa wa babbar kyautar sunan ingarman Yennenga, gimbiyar nan mayaƙiya daga arewacin Gana ta yau, wadda Mosawa suke ɗauka ita ce kakarsu.

Wanda bai san Wagadugu ba zai ɗauka bikin fim kallo ne kawai. Kallo rabi ne. Sauran rabin yana faruwa ne a wajen zaure. Da yawa daga gidajen silimar wancan zamani ba su da rufi, sai rana ta faɗi ake farawa, jama'a su yi dogon layi da kekuna da babura, idan fim ya yi musu daɗi su yi shewa, idan bai yi ba mai fim ɗin yana zaune a cikinsu zai ji da kunnensa. Washegari a yi zaman muhawara, a tsare shi da tambayoyi. Da yamma kuma a haɗu a bakin tafkin wanka na otal ɗin Independance, wanda ya zama dandalin masu fim shekara da shekaru, har Sembene yana da ɗakin da aka san shi da shi a ciki. A kan teburan nan ne ɗan Mali yake haɗuwa da ɗan Tunusiya, ɗan Kamaru ya samu wanda zai ara masa kyamara, a yi faɗa a kan ko fim na siyasa ne ko na nishaɗi, a shirya kafin a tashi. Faransanci ne harshen teburin, kuma wannan shi ya haɗa su, shi ne kuma ya sa ɗan Legas ko ɗan Kaduna da ya je yakan ji kamar ya shiga bikin da ba a gayyace shi ba.

Fim ɗin da Ganda ya kai wannan gasa ta farko shi ne Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ba wata aba ba ce illa wa'azi a bakin Bazabarme. Wani mutum ne ya dawo daga Makka, ya zama Alhaji, yana da mata biyu, bakinsa cike da nasiha. Sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya mai suna Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Alhaji yana da kuɗi, iyaye suka karkata, Garba ya yi fushi ya bar gari. Matar Alhaji ta biyu, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, kishi ya rufe mata ido ta ƙudura kashe amarya, amma cikin duhun dare ta kuskure ta hallaka ɗaya daga cikin ƙawayen amarya. Fim ne da bai kai awa guda ba, amma ya doke duk abin da aka kawo.

Akwai masu cewa irin waɗannan finafinai an yi su ne don a faranta wa Turawa, a nuna musu addininmu da al'adunmu a matsayin ci-baya. Wannan zargi ba a banza yake ba, domin wanda ke biyan kuɗin wankin fim da haɗa shi a Faris yana da irin labarin da yake so, kuma an yi finafinai da dama da ƙamshin wannan buƙata yake tashi daga jikinsu. Amma ban yarda Ganda yana cikinsu ba. Bai taɓa aikin Hajji ba, bai taɓa halaccin aure ba. Wanda ya kama shi ne mutumin da ya mayar da laƙabin Alhaji jari, yana nema a kan neman wani, abin da shari'a da kanta ta hana, da kuma iyayen da suka karya alkawari saboda abin duniya. Haka ya yi a fim ɗinsa na gaba, Saïtane, wato Shaiɗan, inda wani mai kiran kansa malami ya zama kawali tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. Malamanmu na gaskiya sun faɗi abin da ya fi wannan zafi a kan malaman tsibbu tun zamanin Shehu Ɗanfodiyo. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Ganda ba ya ɗaga murya. Yakan ajiye kyamara ne a tsakar gida ya bar mutane su yi halinsu. Auren dole da kishi da mugun Alhaji su ne abincin finafinanmu na Kano tun farkonsu, amma sau nawa muka iya ba da labarin ba tare da an tsaya an yi rawa a lambu ba, ko an kawo wani dattijo a ƙarshe ya karanta mana darasi?

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Duk da kambun da ya ɗauka, Ganda bai samu yin finafinai da yawa ba. Babu wurin wanke fim a Nijar, komai sai an aika Faransa, kuɗi kuma sai an bi ofis-ofis. Mafi ciwo shi ne finafinan an yi su a ɗan milimita 16, gidajen silima na kasuwa kuwa sun fi aiki da ɗan 35, kuma masu su ba su da sha'awa. Sakamakon haka, fim ɗin da aka yi da Zabarmanci domin Zabarmawa da Hausawa, sai ya fi yawo a cibiyoyin al'adu da bukukuwa da jami'o'in Turai, da fassarar Faransanci a ƙasan allo wadda manomin Doso ko na Tawa ba zai iya karantawa ba. Wannan ita ce matsalar da ta dabaibaye duk tsararsa, kuma a nan dole a yi wa 'yan Kano adalci: da kaset ɗin bidiyo mai araha, ba tare da tallafin kowa ba, sun kai fim har ɗakin matan aure a Maraɗi da Damagaram da Agadas, wuraren da finafinan Ganda ba su shiga ba. Su sun samu jama'a, shi ya samu ƙwarewa da daraja, kuma har yau ban ga an haɗa biyun a hannu guda ba.

Bayan wasu 'yan finafinai na tarihi da al'adu a shekarun 1970, ya fito da babban aikinsa na ƙarshe a 1980, L'Exilé, ma'ana wanda ya yi gudun hijira. Wani jakada ne ɗan Afirka da ya bar ƙasarsa, yana zaune cikin Turawa, yake ba su tatsuniya. Sarki ya ji wasu samari biyu 'yan'uwa suna cewa za su ba da kawunansu in dai za a aura musu 'ya'yansa. Ya aura musu, ya ba su shekara guda, sannan ya zo karɓar alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya sha gwagwarmaya har shi ma ya zama sarki a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta daina binsa ba.  An yi fim ɗin ne a zamanin mulkin soja na Seyni Kunce, wanda ya hamɓarar da Diori Hamani a 1974, lokacin da juyin mulki ya zama ruwan dare a nahiyar, kowane sabon shugaba da alkawuransa. Mutumin da ya zaɓi ya yi fim a kan nauyin magana a irin wannan lokaci ya san abin da yake yi.

Ranar 1 ga Janairun 1981 Umaru Ganda ya rasu a Yamai sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45. Allah Ya jiƙansa. Makonni kaɗan bayan haka aka yi bikin Wagadugu, aka ba da kyauta da sunansa, ta kuma tafi ga Kwaw Ansah na ƙasar Gana, mai fim da Ingilishi. Kyautar ta zauna a matsayin wadda ake ba wanda ya fi kowa a fim ɗinsa na farko. A Yamai kuma aka sa wa babbar cibiyar al'adu sunansa. A 1987 babban kambun ya tafi ga Med Hondo na Muritaniya saboda fim ɗin Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta yi tsayin daka gaban sojan Faransa a 1899, wanda aka ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani na Nijar, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Ɗan Nijeriya bai taɓa wannan ingarma ba sai a 2007, da Newton Aduaka ya ci da fim ɗin Ezra. Nijar kuwa, wadda ta buɗe fage, har zuwa bikin 2025 ba ta sake ɗaukarsa ba. Gidajen silimar Yamai sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, Zalika Sule da ta ƙawata finafinan Ganda ta shiga ƙunci har ta tafi aikatau Amurka, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗin da ta yi a kanta a 2004. Ta rasu a 2021.

Muna da samari a Kano da suka ƙware wajen ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya masu awa uku-uku, kasuwa kuma tana karɓa. Cabascabo minti 45 ne kacal. Ban ga abin da zai hana wani sashen koyar da aikin jarida ko wasan kwaikwayo a jami'o'inmu ya nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin ba, a fassara shi da shi da Wazzou, a kafa allo a fili da dare, idan an gama kuma a kunna fitila a hana kowa tashi sai an yi muhawara. Lokacin ma ya dace, domin al'amura sun juya a Nijar ɗin kanta. Bayan juyin mulkin 2023 da ɓaraka da Faransa, cibiyar nan da Ganda ya koyi riƙon kyamara a cikinta, wadda ta daɗe tana ɗauke da sunan Jean Rouch, an sauya mata suna a 2024 zuwa na Mustafa Alasan. A 2025 kuma hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Kwafin Cabascabo da aka gyara aka adana kuwa yana taskar finafinan Afirka da ke birnin Faris.